Farin Fentin Mushe Chindo

Da na dawo daga karatu a Dakar, shekarar 1989, ban yarda akwai wanda zai koya wa mutanen Badagishiri tafiya ba. Da ƙafa suke zuwa gona, da ƙafa suke cin kasuwa. Amma lokacin ban san Mushe Chindo ba.

Mushe Chindo (Mushe, wato Malam da Faransanci) shi ne ma'aikacin gandun daji na garinmu, mutum mai zurfin ilimi, domin ya yi kwana goma sha tara a Faransa. Can ya ga Turawa suna ɗaukar sanda su shiga kurmi, su hau tudu, su zagayo inda suka taso, ba neman itace, ba cigiyar akuya. Ya dawo mana da wannan haske, da gajeren wando, da madubin hangen nesa. Gari ya raɗa masa Sarkin Zagaye. Ya ji, ya ɗauka naɗi ne.

Adalcinsa kuwa sananne ne. Shekara tara kafin dawowata ya kafa doka: bishiyar da ya ɗiga wa farin fenti ita kaɗai za a sara. Duk matar da ta taɓa wata, gatarinta ya koma bayan ƙofar buro, wato ofishinsa. Fentin kuma ba ya fita sai sau biyu a shekara.

A wannan kaka aka ce za a naɗa shugaban gandun daji na yankin duka, kuma wani babba zai zo daga Tawa ya duba aikin kowa. Mushe Chindo ya ga kujerar da idonsa. Ya shata zagaye na kilomita uku cikin geza da marke, ya bi da shi kan tudu biyu. Don kada baƙo ya ɓata, ya yi yadda ya gani a Faransa: ya ɗauki gwangwani, ya ɗiga wa kowace bishiyar bakin hanya fari. Da hannunsa, domin babban aiki ba a ba jahilai.

Bayan kwana uku baƙo ya iso, ranar kasuwa. Aka gayyace ni saboda ina da takalmi rufaffe. Mushe Chindo ya ɗaga sanda.

"Jama'a, yau ci gaba ya shigo da ƙahwa! Ku bi hwarin tabo kawai. Ni na auna, ni na shata. Ko makaho ba shi ɓacewa."

Muka shiga. Babu farin tabo. Kututture ne a jere, sabon sara, har danƙo yana tsiyaya. Baƙo ya dubi Mushe Chindo.

"Kujerun hutawa na, ranka shi daɗe. Haka a ka yi can."

Muka wuce wani suri. Bayan rabin awa muka sake wuce shi. A karo na uku baƙo ya tsaya yana cire ƙarangiya daga safarsa.

"Wanga shi na zagaye," in ji Mushe Chindo, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Daga ƙarshe wasu awaki suka nufi tudu, muka bi su. Tudun ba laifi, mai raƙumi zai iya gaisawa da kai daga ƙasa ba tare da ɗaga murya ba. Mushe Chindo ya farfaɗo, ya miƙa wa baƙo madubi.

"Daga nan, in sama ta washe, har Ƙonni a ka gani!"

Baƙo ya daɗe yana kallo. Ba Ƙonni ya gani ba. Mata ne da jakuna a kan hanyar kasuwa, ɗauke da dirkokin rumfa, kowace dirka da farin tabonta.

"Mushe Chindo," ya ce, "ga hanyar taka can ta tafi cin kasuwa."

Kujerar, wani aka ba.

Washegari na sami Uwani, wadda gatarinta uku ke bayan ƙofar buro. Na tambaye ta me ya sa suka sare wa bawan Allah hanyarsa.

"Wace hanya, ɗana? Shekara tara muna roƙonai, shina ba mu icce biyu, ukku. Rannan ya tashi ya ba mu ɗari da arba'in. Allah dai shi sa shi sake wani zagaye."