Rasuwar Ta-Bayan-Ƙofa, Robar Buɗe Masai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma fushin da bai ga dalilin ɓoyewa ba, jikan Kaka ta ɗakin ƙasa yana sanar da dukkan mazauna wannan bene rasuwar robar buɗe masai, wadda aka fi sani da Ta-Bayan-Ƙofa. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a bakin aiki, tana da shekara shida a duniya.

Marigayiya baƙa ce, gajera, mai mariƙin katako. Ba ta taɓa ƙyamar kowa ba, ko da yake kowa na ƙyamarta. Da yatsu biyu ake ɗaukarta, a kau da kai, a ci moriyarta, a wurgar da ita bayan ƙofa ko ɗauraya babu. Magidanta masu ji da kansu sun sha saukowa su are ta a ɓoye, naɗe cikin jarida, kuma ba ta tona asirin ko ɗaya ba. Wanda ya san ta ba zai manta muryarta ba: ɓut, ɓut, ɓut, sai ƙwat! Daga nan masai ya ja dogon numfashi, gurrr, gida ya samu lafiya.

Jikan ya san asalin ciwonta, domin a hannunsa ta yi jinya. Bututu ɗaya ne ya haɗa hawa ukun gidan nan, kuma a ƙarƙashin ɗakin Kaka ya yi gwiwa, don haka duk abin da na sama suka zuba, nan yake tsayawa. Mai aski na hawa na biyu ya mai da rariya kwandon gashi. Mai suya ta hawa na uku tana juye ragowar mai da zafinsa, wai ai ruwa-ruwa ne, ya sauko ya huce ya daskare kamar kyandir. Angon bara, wanda ya iya sarrafa waya mai kyamara uku, har yau bai gane cewa ƙunzugun jariri na zamani ba ya narkewa a ruwa ba.

Jikan ya bi ƙofa-ƙofa ya yi bayani. Ya zana hoton bututun ya manna a matakala. Ladan da ya samu shi ne laƙabin Injiniyan Bayi, aka kuma yage takardar aka goge hannu da ita. Mai benen, da aka kai masa ƙara, ya leƙo daga cikin mota ya shawarci kowa da haƙuri.

Ranar Litinin bututu ya toshe gaba ɗaya. Sai wani mai gyaran batir da ke zaune a benen ya tashi nuna gwaninta. Ya haɗa ruwan batir da kananzir ya tuttula a masansa na sama, bai sanar da kowa ba. Gubar ta gangaro ta taru a bayin Kaka. Jikan ya tsoma marigayiya ciki da kyakkyawar niyya, ta wuni tana fama. Washegari leɓenta ya yi laushi, ya tsage gida biyu. Ya danna, ya sake dannawa, abin da ta iya cewa kawai shi ne: fiii. Tabon ƙunar gubar da ke wuyan hannunsa shaida ne ga mai son gani.

Ta rasu ta bar mariƙinta, da buroshin wanke masai da ya rasa abokiyar hira, da bokiti mai yoyo. Ta kuma bar Kaka, 'yar shekara tamanin da ɗoriya, wadda gwiwoyinta ba sa hawa matakala. Ƙazantar hawa uku ta ɓullo ta rariya ta jiƙa mata tabarma da gindin akwati. Yau kwana huɗu tsohuwar nan tana ƙin shan ruwa don kada ta buƙaci bayi. Leɓenta ya bushe, amma in na sama sun wuce suna toshe hanci, ita ce ke ba su haƙuri. Jikanta bai gaji wannan halin ba.

Ba za a roƙa wa marigayiya gafara ba, don roba ce, ba ta da zunubi. Masu buƙatar addu'a suna sama.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a tsakar gida. Mai gyaran famfo zai buɗe gwiwar bututun a gaban jama'a, a shanya abin da ke ciki a kan buhu, a raba gado. Kowa ya san nasa. Wanda bai zo ba, za a kai masa kasonsa har ƙofar ɗaki.

Ba a karɓar ta'aziyyar baki. Mai son yin gaisuwa ya sa raga a rariyarsa, ya ajiye kwandon shara kusa da masai, ya tanadi gwangwanin zuba tsohon mai, sannan ya kira jikan ya gani da idonsa.

Za a yi zaman makoki har sai hawa na ƙarshe ya cika wannan sharaɗi. Ana tunatar da jama'a cewa makunnin ruwan da ke hawa sama yana bayan tagar Kaka, kuma tun safiyar yau yake rufe da kwaɗo, don girmama mamaciya. Duk wanda ƙishirwa ta dama, ya sauko ya tambayi Kaka yadda ake jurewa.