Katin Asibitin Da Na Yanka Da Sunana

Ko zan manta da ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba. A ranar ne na tuɓe riga a gaban likita da ɗalibanta biyu, lafiyata ƙalau, wadda aka zo dominta kuwa tana zaune a waje tana riƙe mini jaka. Bari in kawo labarin daki-daki, don ni ba na son a faro magana daga tsakiya.

Na farko, sana'ata turara shinkafa, a wani gari tsakanin Kura da Bunkure, dab da babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki. Mata da dama ke aiki a ƙarƙashina, kuma kowacce ta san dokata: a jiƙa, a tsame, a turara, a shanya, sannan a kai inji. Wadda ta tsallake ɗaya ta ɗauki mayafinta ta tafi gida. Karatuna bai wuce firamare da islamiyya ba, amma ba na fita ba tare da biro da takarda a jaka ba.

Na biyu, ina da 'yar fari. A gidanmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Wasu sun sassauta wannan kunyar, ni kuwa na riƙe ta kamar farilla. Shekara ashirin da huɗu ina kiran yarinyar da "ke", in kuma ba ta wurin in ce "waccan". Gwaggonta Asabe, ƙanwar maigidana da ke Bunkure, ita ta raine ta, sai da ta gama sakandare ta dawo gabana. Yanzu malamar firamare ce. Ko a tsakar gida, ko ana zafin da ke fasa ƙasa, ba ta cire babban hijabi. (Ni kuma ina ta yi wa mata gori da ita, ina cewa su zo su ga tarbiyya. Ashe ɓuya take yi.)

Na uku, an sa mata rana da Nura, wani manomin tumatir daga wajen Kadawa. Ita ta kawo shi da kanta, shekara uku suna tare. Saura wata biyu biki, dangin ango suka aiko a ba su awo don haɗa lefe: takalmi, dogayen riguna, da rigar mama. Kwana uku awo bai fita ba. A rana ta huɗu sai ga Asabe a wajen shanyata, ta janye ni gefe.

"Yaya, 'yarki ta ce a fasa."

"A fasa me?"

"Auren. Ta ce gara a mayar musu da kayansu da Nura ya gan ta ya yi da-na-sani."

Nan Asabe ta kwance mini abin da suka ɓoye shekara goma. Tun da ƙirjin yarinyar ya fara fitowa bai fito kamar na sauran mata ba. An sha hulba, an sha kunun alkama, an shafa mai iri-iri, shiru. Asabe har kuka take, wai ita ta jawo, don ta riƙa ɗaura mata goyon ƙanne da zane a ƙirji tun tana ƙarama. Ta ce wata ma'aikaciyar asibitin garinsu ta gaya mata akwai likita mace a cikin birni da ke duba irin wannan ranar Talata.

Na ce to ta kai ta mana.

Ta ce, "Ni na raina, ke kika haifa. Ni na yi nawa, bai yi ba. Wannan tafiyar taki ce."

Na zaro takarda na sa ta faɗa mini komai, na rubuta da lamba.

Ranar Talata muka hau mota a Kura. Har muka isa birni maganar da na yi mata ɗaya ce: "Ke, riƙe jakar nan da kyau."

A wurin yankar kati aka fara samun matsala. Layi ya zo kaina, ma'aikacin ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "Sunan mara lafiya?"

Na buɗe baki, sunan ya ƙi fitowa. Tana tsaye a bayana. A layin maza kuma ga wani dillalin shinkafa na garinmu, ya riga ya gaishe ni, kunnensa a buɗe. In na faɗi sunanta na karya kunyar shekara ashirin da huɗu, kuma kafin la'asar gari ya ɗauka an kai amarya asibiti. Ita ma ta sunkuyar da kai, ba ta da niyyar taimakona.

"Mama, akwai mutane a bayanki."

Sai na faɗi nawa sunan. Ya tambayi shekaru, na ce arba'in da tara. A raina na ce in mun shiga ciki zan gyara.

Ban san asibiti ma yana da nasa jiƙa-tsame-turara ba. Wata nas ta kira sunana, ta ɗora ni a sikeli, ta ɗaura mini abin awon jini. Na ce, "'Yar nan, akwai maganar da..." Ta ce, "Ki bari sai gaban likita, Mama, komai da layinsa." Ni da nake korar mata daga aiki a kan tsallake layi, da wane baki zan musa? Da muka zo ƙofar likita, nas ɗin ta dubi yarinyar ta ce mai rakiya ta jira a waje. Yarinya ta koma can ƙarshen benci ta zauna da jakata.

Likitar ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, mai fara'a, ga 'yan mata biyu da fararen riguna a tsaye a gefenta. Ta ce ɗalibanta ne, ko na yarda su tsaya? Na ce ilimi ai ba a hana shi.

"To Mama, me ke tafe da ke?"

Na zaro takardata da na soke a zane na gyara murya. Na ɗaya, gindin nonon a tsuke yake, bai baje a ƙirji ba. Na biyu, ya fito siriri ya yi tsini. Na uku, baƙin da ke kewaye da kan ya yi faɗi ya kumburo. Na huɗu, na dama ya fi na hagu. Na biyar, akwai tazara mai yawa a tsakaninsu.

Ta ce ba ta taɓa samun wanda ya kawo bayani a tsare haka ba. (Na ji daɗin wannan yabon, kuma shi ya ƙarasa ni. Wa zai katse mai yabonsa ya ce ƙarya ya shigo da ita?)

"Me ya sa sai yanzu aka zo?"

"Biki ya matso. Saura wata biyu."

Ta dubi katin, ta dube ni. "Ma sha Allah. Allah ya sanya alheri, Mama." Ɗaya ɗalibar ta shiga kallon silin.

"Shiga bayan labule ki cire riga in duba."

Ku da kuke karantawa za ku ce ai nan ne wurin tsayawa. Ni ma na san haka. Amma an ba ni umarni, kuma ƙafata ta saba bin umarni kafin kaina ya gama shawara. Na shiga. Na cire hijabi na ninke shi gida huɗu. Na cire riga na ninke ta na ɗora a kai. Likita ta shigo da ɗalibanta, takardata a hannunta. Ta dubi lamba ɗaya, ta dube ni. Ta dubi lamba biyu, ta sake dubana. Ba ta kai lamba uku ba.

"Mama, 'ya'ya nawa kika shayar?"

"Bakwai."

"Sun ƙoshi kuwa, ga shaida nan. Amma wadda ke cikin takardar nan ba ke ba ce. Wace ce?"

Na ce, "Wata ce."

"Wata wa?"

"Tana waje."

"Faɗi sunanta nas ta kira ta."

Na tsaya hannuwana a ƙirji, ni da mata ke gyara ɗaurin ɗankwali in sun hango ni. Likita ta ɗan jima tana kallona, sai ta ce a hankali, "'Yar fari ce ko?" Na gyaɗa kai. Ɗaliban suka juya baya, kafaɗunsu na rawa.

Likita ta ce, "Ni ma 'yar fari ce, na san zancen. Amma mata sun fi talatin a bencin nan, kusan duk da hijabi. Ko ki faɗa wa nas sunan, ko ki kira ta da kanki. Ba na duba mutumin da ba shi da suna."

Na zura riga da hijabi a gurguje na leƙa ƙofa. Na ce, "Ke." Mata wajen goma suka juyo, wata har ta miƙe. Wadda nake nufi tana can ƙarshe, ta kifa kai a kan jakata. Na ce, "Ke yarinyar nan." Wasu biyar suka ƙaru. A nan ne na lura kafaɗarta na motsi, kuka take yi a hankali don kada kowa ya ji. Ko shekara nawa ta yi tana irin wannan kukan a ɗakin da ke jikin nawa, ban sani ba.

Na ce, "Bara'atu."

Ta ɗago tana waige-waige, dama da hagu, tana neman wanda ya san ta a asibitin nan. Ba ta dubi inda nake ba, don ba ta taɓa jin sunan a muryata ba. Sai da na maimaita.

Aka yanka sabon kati. Likita ta tambaye ta ko in fita, ta ce, "Iya ta zauna." Bayan an duba ta a bayan labule, likita ta zaunar da mu, ni kuma na juya bayan takardata na fara rubutu.

Ta ce ba ciwon daji ba ne, ba kuma cutar da ke yaɗuwa ba. Halitta ce da ake haihuwar mace da ita, sai lokacin girma take bayyana: wani nama mai tauri ne ke ɗaure ƙasan nonon ya hana shi bajewa. Goyo bai jawo shi ba, zane bai jawo shi ba, hulba kuma ba ta kwance shi. (Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan saboda Asabe.)

Sai ta jero hanyoyi. Ta farko, a bar shi yadda yake, don ba ya cutar da lafiya, kuma akwai masu shi da yawa a gidajen aurensu. Ta biyu, tiyata: a shiga ta gefen baƙin, a sassauta naman da ya ɗaure, a baza shi, a rage faɗin baƙin. Ta uku, in an sassauta kuma naman ya yi kaɗan, a sa wata jaka mai laushi a ciki ta cike wurin, sai dai wata rana tana iya buƙatar canji. Ta huɗu, a zuƙo kitse daga cikinta ko cinyarta a zuba a wurin, amma jiki yana shanye wani, don haka akan maimaita. Ta ce kowace tiyata tana barin tabo, wani lokaci kuma kan nonon yakan rage ji.

Na ɗaga biro zan zaɓa, don a ganina lamba biyu ta fi tsari. Likita ta ce, "Mama, an riga an duba ki yau, naki ya ƙare. Wannan zaɓin na mai jikin ne."

Bara'atu ta yi tambayar da ban rubuta ba. "Likita, zan iya shayarwa?"

Ta ce wasu masu irin halittar suna shayarwa lafiya, wasu ruwan yakan yi musu kaɗan sai an taimaka, kuma tiyata siffa take gyarawa, ba ta ƙara ruwa. Shi ya sa wasu suke jira sai sun haihu sun yaye. Ta ce ta je ta yi tunani, ƙofa a buɗe take duk Talata.

A motar dawowa, mun wuce Kumbotso, na ji ta taɓa ni.

"Iya."

"Na'am."

"Hijabinki a bai-bai yake. Tun a asibiti."

Na duba, ga ɗinki a waje. Haka na ratsa asibiti, na ratsa tasha, na gaisa da dillalin nan karo na biyu. Ta toshe baki da hannu, dariya ta ƙi tsayawa, har da hawaye. Na haɗe rai iyakar iyawata, ban kai Kura ba ni ma ta ƙwace mini. Da ta lafa sai ta ce, "Ashe za ki iya tuɓe riga saboda ni." Na ce ba saboda ita ba ne, bin doka ne. Ba ta yarda ba.

A satin ta yi magana da Nura da kanta. Ban san yadda ta faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga ya zo ranar Juma'a da kwandon tumatir, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce gida suna jiran awo. Ita ta rubuta awon da hannunta ta bayar. An yi biki a ranar da aka sa. Maganar tiyata ta ce ta ajiye sai ta ga ɗanta na fari, in ta so ta koma, in ba ta so ba shi ke nan. Katinta yana cikin akwatinta, da sunanta a jiki.

Nawa katin kuwa yana can a asibitin, yana shaida cewa wata mata mai shekara arba'in da tara da 'ya'ya bakwai za ta amarce nan da wata biyu.

Abin da na koya: ni da nake taƙama ban taɓa tsallake mataki ba, ashe na tsallake na farko shekara ashirin da huɗu, sai da aka tuɓe ni kafin in koma kansa. Yanzu na sa shi a tsari. Kullum in an gama shanyar safe ina kiran ta a waya, in faɗi sunan sau ɗaya. Ita kuma ta gano ni, sai ta ce layin ba kyau, wai in maimaita.