Sulhun da na yi a kasuwar Cadakori

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da salula ta yi ƙara ina buro wajen aiki ba, aka ce mini ƙawata Habsu ta rasu. Zazzaɓi ne ya kama ta can ƙasar da take aikin sulhu, bai ja lokaci ba. Na yi salati, na ajiye wayar. Amma ba kuka ne ya fara zo mini ba. Kasuwar Cadakori ce ta faɗo mini a rai, da wata igiya, har dariya ta nemi kuɓuce mini a gaban abokan aiki. Allah Ya yafe mini. Ita dai na san ba za ta ji haushi ba, don ta fi kowa son a ba da labarin nan.

Muna jami'a ne lokacin, zamanin riƙon ƙwarya, sojoji sun yi alkawarin mayar da mulki ga farar hula, ko'ina zancen zaɓe ake yi. Habsu ta tara mu ta kafa ƙungiyar ɗalibai mata masu son aikin tsaro da sasanta rikici tsakanin ƙasashe. Samarin ajinmu suna ce mana sojojin zane. Mukan zauna gindin dogon yaro mu rabu biyu, waɗannan gwamnati, waɗancan 'yan tawaye, ɗaya ta shiga tsakiya ta yi sulhu. Kullum ni ce ta tsakiya. (Ba don na fi iyawa ba, na dai fi kowa son a saurare ni.)

Ana nan sai aka zaɓi Habsu ta je horo ƙasar waje. Saura yardar mahaifinta, Malam Illa, manomi a wani ƙauye kusa da Cadakori. Shi kuwa ya ce bai ga abin da ɗiya mace za ta nema tsakanin masu bindiga ba. In hutu ya ƙare bai yarda ba, wata za a ba gurbin.

"Ki raka ni gida," in ji Habsu. "Ke kin iya magana. In Baba ya ga natsuwarki zai san ba wasa muke yi ba."

Mun sauka ranar kasuwa, bayan an gama girbi, lokacin da shanu ke gangarowa gonaki, rediyo na ta jan kunnen manoma da makiyaya. A makon nan kuwa muka karanta alamomin da ke nuna rikici ya kusa ɓarkewa, duk suna cikin kaina. Habsu ta bar ni wajen masu fura, ta tafi sayo wa babanta goro.

Sai na ji hayaniya. Wani dattijon Bafulatani, da malafa da sanda, ya ɗaure wani dattijon manomi da igiya a ƙugu, yana jan sa tsakiyar kasuwa.

"Na kama shi! Gonarsa ta taso ta cinye mini hanyar shanu!"

"Ƙarya kake, ɗan daji! Shanunka sunka cinye mini wake!"

Mutane sun kewaye su suna dariya. Na ga dariyar, ba zan ce ban gani ba. Amma na ce a raina, haka ake farawa. Na ajiye jakata, na gyara mayafi, na ratsa taron na tsaya tsakaninsu, hannuwa a sama.

"Salamu alaikum. Iyayena, ku dakata!"

Suka tsaya. Na nemi aron tabarmi biyu, na zaunar da kowa gefensa. Na roƙi mai sandar ya ba ni ita, ya miƙo. Na shimfiɗa musu doka: ba zagi, ba katse magana, kowa zai faɗi abin da ke ransa. Na ga sun dubi juna, na ɗauka kallon gaba ne.

Manomin ya gyara zama, igiyar na nan a ƙugunsa. "Madam alƙali, wanga mutum tun muna yara yake cuta ta. Furar uwata ma, in an dama, shi ke shanyewa."

"Gwaggona ce," in ji ɗayan. "Furarta tawa ce. Shi ne baƙo a gidan."

Kasuwa ta kece da dariya, har wata mai nono ta zauna ƙasa tana riƙe ciki. Ni kuwa na gyaɗa kai na ce, "Yawwa. Mun fara kaiwa ga tushen rikicin."

(Ni ma fa ina da taubasai. Ɗan kawuna ya sha ɓoye mini takalmi ranar salla. Amma ran nan karatu ya toshe mini kunne.)

Na saurare su har rana ta take. Daga ƙarshe na miƙe na sanar cewa an ɗage zaman sai kasuwa mai zuwa, kafin nan kada ɗayansu ya kusanci ɗaya, in ba haka ba zan kai maganar ga jandarma.

Bafulatanin ya ɗaga hannu kamar ɗan lakol a cikin aji. "Madam alƙali, to yau ina zan kwana? A zaurensa nake sauka."

Ina cikin tunanin amsa sai na ji muryar Habsu a bayana.

"Baba! Baffa Juli! Mi kuke yi wa baƙuwata?"

Da ƙasa za ta tsage ran nan, da na shige. Manomin nan shi ne Malam Illa, mutumin da na zo nuna wa natsuwa. Juli taubashinsa ne, ɗan wan mahaifiyarsa. Wata ne na wasan taubasai, kuma kowace shekara sai Juli ya ɗaure shi ya zaga da shi kasuwa har ya yi alkawarin damin gero, shi kuma Malam Illa ya karɓi ƙwaryar man shanu. Duk kasuwar ta sani, ban da mai sulhu. Sandar Juli kuwa tana hannuna har lokacin.

A kan amalanken jaki muka tafi ƙauyen. Habsu ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni ba kunyar ce ta fi damuna ba. Gani nake na kashe mata tafiya.

Bayan la'asar Malam Illa ya kira mu zaure. Juli na zaune kusa da shi, ƙwarya ɗaya suke sha.

"Habsu, wagga ita ce gwanarku?"

"Ita ce, Baba."

Ya ajiye ludayi, ya dube ta.

"To ki tahi. In irinta za a aika wa mutane, gara a haɗa da wadda ta san taubashi in ta gan shi."

Juli ya ce, "Kai dai ka gode. Ta shiga tsakanin sanda da igiya ba ta ji tsoro ba. Duk shekarun nan wa ya taɓa tashi cetonka?"

Haka Habsu ta samu tafiya, da kunyata aka yi mata guzuri. Ni kuma tun ran nan ba na shimfiɗa wa kowa tabarma sai na tambayi na kusa da ni, "Waɗannan, me ke tsakaninsu?" In na ga masu fura na dariya, nakan saurara tukuna.

Duk shekara tsofaffin nan sai sun aiko ta bakin Habsu, wai a tambayi madam alƙali yaushe za a koma zama, har yanzu suna jiran hukunci. Ita kuma ta ce in ta dawo gida gaba ɗaya za mu je tare, ita ta riƙe sanda, ni in yanke.

Na je ta'aziyya. Na same su a tabarma ɗaya, Juli ne ke amsa gaisuwar mutane, don Malam Illa ba ya iya magana sosai. Amma da Malam Illan ya gan ni sai ya ɗago, ya ce a hankali, "Madam alƙali, kin zo." Na ce na zo, Baba. Na zauna gefen tabarmarsu.

Zaman da na ɗage zuwa kasuwa mai zuwa, har yau ban koma na rufe shi ba.