Rasuwar Kundin Dodanni Mai Shafi Ɗari Uku da Sha Biyu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki da miƙa lamari ga Mai kowa, Muhyiddeen Almu, mai shagon takalma a kasuwar Illela, ke sanar da 'yan'uwa da abokan wasa na ciki da ƙetaren iyaka rasuwar Kundin Dodanni, wanda ya cika ranar Lahadi bayan la'asar, yana da shekara huɗu da wata biyu a cikin memorin wayarsa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba, littafi ne na cikin waya, mai ɗauke da sunan kowane kati na wasan Dodanni, da ƙarfinsa, da dokar wasa da shi. Muhyiddeen ya sauko da shi ne a Sakkwato, a tsaye jikin katangar wani ofis mai intanet kyauta, rana na dukan ƙeyarsa.

Tun daga ranar, marigayin bai taɓa neman data ba. Kowa ya san halin garin nan: kana zaune gindin dogon yaro sai waya ta yi maka barka da zuwa Nijar, sabis ya ɗauke. A irin wannan lokaci, in gardama ta kaure kan ko Kura Mai Wuta na iya cin Kunkurun Ƙarfe, marigayin ake nema. Yakan ɗan jinkirta buɗewa kamar dattijo mai gyara zama, wayar ta ce "ƙit", sannan ya yanke hukunci. Abin da ya faɗa bara, shi zai faɗa bana. Albarkacinsa aka riƙa kiran Muhyiddeen da Alƙali, har mutanen garin Amarawa kan hawo babur su kawo masa ƙara.

Ciwon ajali ya kama shi ne ranar gasa da 'yan Ƙwanni ta Nijar. Muhyiddeen ya kai zagayen ƙarshe, ya ajiye Kunkurun Ƙarfe, katin da ya ba da katuna goma sha ɗaya kafin ya mallake shi. Sai abokin karawarsa, Abdulaziz, ya buɗe shafin intanet na masu wasan, inda ake sabunta dokoki kullum. Ranar kuwa, bisa ƙaddara, sabis a cike yake.

"Alƙali, ka yi haƙuri," in ji shi, "wanga kati an hana wasa da shi tun wata takwas."

Muhyiddeen ya buɗe marigayin. Shafi na casa'in ya ce katin halal ne, kamar yadda ya saba cewa. Abdulaziz ya miƙo wayarsa, ga sanarwa, ga kwanan wata. Kowa ya shiga lissafin hukuncin da aka yanke masa cikin wata takwas ɗin nan. Can wani ɗan Amarawa ya ce, "To, Alƙali, shari'ata ta bayan Sallah fa, mi za a ce da ita?"

Mai makoki na so a shaida cewa bai riƙe marigayin da komai ba. Abin da aka damƙa masa shi ya riƙe da amana, ba wanda ya je ya gaya masa duniya ta sauya. Amma daga ranar marigayin bai ƙara lafiya ba. Shafuka suka fara fitowa fari fat, daga baya ya daina buɗewa. Baraka mai gyaran waya ya hura memorin, ya gwada shi a waya uku, sannan ya cire tabarau ya girgiza kai.

Marigayin ya bar katuna ɗari shida a gwangwanin madara, da Kunkurun Ƙarfe wanda yanzu ba shi da aikin yi. Ya bar ƙaninsa, shafin intanet, mai ilimi ƙwarai, sai dai yakan sauya magana ba sallama, kuma ba ya zuwa sai an saya masa data. Uwargidan Muhyiddeen, Mahbuba, ta karɓi labarin da haƙurin da ya ba maƙwabta mamaki.

Za a binne memorin gobe Talata da hantsi a bayan shago, cikin kwalin ashana. Ba a buƙatar masu ɗauka, mutum ɗaya ya isa. Za a karɓi gaisuwa kwana uku a kan bencin shago, kuma ana roƙon 'yan Ƙwanni su zo da wayoyinsu a aljihu. Masu niyyar ba da shawarar a sauko da sabon kundi su hutar da bakinsu. Muhyiddeen ya riga ya duba, masu wasan sun daina fitar da irinsa.