Dankali Iri Biyu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kalma mai harafi uku ta kayar da ni a tsakar gidanmu ba, ni da nake gyara wa mutane Hausa ba tare da sun roƙe ni ba.

Shekarar da na gama jami'a ce, ina zaune a Damagaram da dipulom a hannu, babu aikin biro, wato na ofis. Akwai wani kango a bayan gidanmu, mallakar Kawu Issufu, ƙanen mahaifiyata, manomi a Gaffati. Shi yana son ya ɗaure raguna a ciki, ni kuma ina son in mai da shi garka, in shuka dankalin Turawa kafin sanyi ya wuce. Ya ce zai zo ya ga irin da na tanada; in ya gamsu, kango nawa ne.

Na yi bincike na haƙiƙa. Na samo mai jar fata, wanda aka ce ya fi jure ajiya, da fari, wanda aka ce ya fi saurin nuna. Na zuba su a kwando, na kai wa mahaifiyata, na ce cikin natsuwa: "Inna, ga dankali iri biyu, saboda zuwan Kawu." (Ku lura da jimlar nan. Nahawunta ba shi da aibi ko kaɗan.)

Washegari da azahar Kawu ya iso, aka shimfiɗa tabarma, aka kawo akushi. Dankali ne da miyar albasa, yana tururi. Muna ci ina jawabi. Na bayyana masa bambancin ja da fari, da zurfin rami, da tazarar shuka. Har na ɗaga yanka guda don misali, na haɗiye shi.

"To, Mushe," in ji Kawu (wato "Malam" a bakin 'yan boko; haka yake kirana in zai tsokane ni), "kunne ya ƙoshi, ciki ya ƙoshi. Saura ido. Ina irin?"

Na miƙe da taƙama na ɗauko kwando. Tun a hannu na ji ya yi sauƙi.

"Inna, ina dankalin da na kawo?"

Ta leƙo daga madafa. "Wane kuma? Ba shi kuka ci yanzu ba?"

"Inna, ai iri ne."

"Iri biyu ka ce, ɗan nan, ja da fari. Kuma ka ce saboda kawunka. Da me ake tarbar baƙo, da kallo?"

Na tsaya da kwando a hannu, miya a gefen baki. A nan ne na tuna cewa "iri" na nufin abin shuka, yana kuma nufin nau'i. Inna ba ta yi kuskure ba. Ni ne na cinye garkata tun ban haƙa ta ba, kuma har da neman ƙari.

Kawu bai yi dariya nan take ba, Allah ya saka masa. Sai da ya suɗe yatsunsa tukuna, sannan kafaɗunsa suka soma rawa.

"Yaya," ya ce wa Inna, "babu abin da ya rage?"

"Sai 'yan ƙananan da suka fara tsiro. Na ga sun lalace, na ware wa awaki."

Na riga awakin isa wurin, da ƙyar. 'Yan ƙanana ne, duk jajaye, kowanne da idanunsa sun fito, wato daidai abin da ƙasa ke so.

Kawu ya jujjuya ɗaya a tafin hannunsa. "Ni ma jan ya fi mini daɗi a baki. Ka ga an yi zaɓe ke nan. Shuka su, Mushe. Raguna sa jira baɗi."

Na shuka, sun kuma yi, ko da yake kunya biyu kacal suka cika, ban da babbar da na sha a kan tabarma. Tun daga ranar na rage gyara wa mutane magana. In kuwa na shigo gida da abin shuka, nakan ce da babbar murya: "Inna, wannan ba na tukunya ba ne." Jimlar ba ta da armashi, amma ba a taɓa dafa ta ba.