Addu'ar da Na Yi wa Kyaftin

Ni dattijon ikilisiya ne a Kafanchan, kuma na daɗe ina wa'azi a falona a kan wani fim mai dogon zango na masu yawo cikin taurari, wanda 'yata Rifkatu take kallo tun tana firamare. Nakan ce, mutumin da bai gama noman citta ba, me zai je nema a duniyar wata?

Da ta tafi jami'a, gidan ya yi shiru. Na kunna kashi ɗaya, wai don in ƙara samun abin kushewa. Kafin ta dawo hutu na san kowa a jirgin nan nasu na sararin samaniya, musamman tsohon kyaftin ɗinsu mai haƙuri kamar uba. Ban gaya wa kowa ba.

Ran nan a addu'ar safe, na gama ambaton marasa lafiya, sai na ji bakina yana cewa, "Ya Ubangiji, ka tuna da Kyaftin, ka tashe shi daga ciwon nan."

Matata ta ce amin da ƙarfi. Muna buɗe ido ta ce, "Baban Rifkatu, wane asibiti yake? In yi masa faten acca."

Rifkatu ta yi dariya har da hawaye, sannan ta dafa hannuna. "Baba, kada ka damu, zai warke a kashi na gaba."

Abin kunyar, sanyi na ji a raina.

Yanzu tare muke kallo. Amma har yau, kafin in rufe addu'a, matata takan buɗe ido ɗaya ta ce, "Mutanen sama fa, duk lafiya?"