Bajimi Ya Yi Shiru a Gindin Dutsen Kwatarkwashi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har baki, Shafa'atu, matar Malam Lukuman mai awon hatsi, mahaifiyar Nusaiba, ta layin ƙarshe a garin Tsafe, tana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa matsawa gefen hanya domin ya wuce, cewa babur ɗin gidansu da aka fi sani da Bajimi ya cika. Ya rasu wata ranar Alhamis da yamma, makonni kaɗan da suka wuce, a gindin dutsen Kwatarkwashi, yana kan hanyar kawo maigidan gida, bayan jinyar da ba wanda ya gane jinya ce sai da ta yi nisa.

Ba a san shekarunsa ba. An dai san a ƙasar Turawa aka haife shi, domin a yi doguwar tafiya da shi a kan titi mai santsi, kuma ta Kwatano ya shigo ƙasar nan da tsufansa. Ja ne, mai faɗin ƙirji, da gilashin tare iska a gaba da akwatuna biyu a kwiɓi. Ya daɗe a rumfar wani dillali da ake kira Dogo a Sabon Garin Gusau, masu saye suna zuwa su shafa shi, su ɗauki hoto, su tafi su sayi ƙaramin babur irin na 'yan kabu-kabu.

Shi ma Malam Lukuman irin wannan ƙaramin ya je saye, bayan kaka. A Bunguɗu yake aiki, yana yi wa wani Alhaji awon waken suya da masara, iyalinsa kuwa suna Tsafe, ga Gusau a tsakani. Shafa'atu ta yi masa gargaɗi tun yana saka takalmi: ya sayo wanda kowane bakanike na bakin titi ya san cikinsa. Ya ce to. Da ya isa rumfar sai Dogo ya tayar da Bajimi, wai don dai ya ji. Aka yi masa gwajin da ake yi wa kowane babur a garin nan. Aka murɗa shi ya yi kuka, aka tara hannu a bakin salansa a ga ko akwai hayaƙi, aka zaro ma'aunin baƙin mai aka murza a yatsa, aka doki taya da ƙafa. Ya ci duka. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba, domin ba wanda ya san akwai ta. Za a zo kanta.

Ranar da Malam Lukuman ya sayo Bajimi ya kawo shi gida, ƙofar zaure ta ƙi karɓarsa. Sai da aka kira magini ya fasa gefe guda ya ƙara faɗinta. Shafa'atu tana tsaye da Nusaiba a goye, tana kallon ƙasar zaurenta a zube, ta ce, "Baban Nusaiba, wanga abu in ya yi ciwo, wa zai yi mai magani?"

Ya ce, "Irin wanga ba su ciwo, Maman Nusaiba. Saurara dai ki ji."

Ta ce ita ba ta ga abin saurare ba, ta ga dai abin da zai cinye musu mai. Ta kuma kafa sharaɗi cewa ba zai hau shi ba sai da hular kwano, ko da shago zai je.

Gaskiya ta wajaba a kan mamaci, saboda haka ba za a ɓoye aibinsa ba. Yana da ci. Ba ya son rami, kuma ramuka ne abin da muka fi yawa da shi. Ya taɓa kwantawa a laka kusa da Bilbis, sai da majiya ƙarfi suka bar gonakinsu suka zo suka tayar da shi, suna tambaya ko babur ne ko saniya. Bai taɓa yarda a tura shi cikin daɗin rai ba.

Amma yana da murya, kuma saboda muryar ne ake wannan sanarwa.

Duk wanda ke zaune a layin ƙarshe, inda gidaje ke ƙarewa gonaki su fara, ya san yadda mata ke sauraren babur idan rana ta sunkuya. Ba a magana a kai. Hannu ne kawai ke tsayawa a kan muciya, kunne ya tafi waje, ana auna ko guda ne ko suna da yawa, ko daga gari yake ko daga daji. Shafa'atu ta saba. Kafin ta gama tunani ta riga ta sunkuci Nusaiba, ta danna sakata, ta kashe rediyo. Sau da yawa mai kabu-kabu ne ya kawo wata daga unguwa. Amma babur ɗin ɗan kabu-kabu da na mutanen daji murya ɗaya gare su, kuma uwa ba ta jira ta tabbatar.

Bajimi kaɗai ne ba ya kama da kowa. Tun daga kan kwalta ake jin sa, can ƙasa-ƙasa, gurrrum, gurrrum, kamar hadari yana haɗuwa a gabas. In ya karyo kwanar layi sai ya rage murya, bub-bub-bub-bub, sannan ya yi oda sau biyu, faam, faam. A duk faɗin Tsafe wannan ne kukan babur guda ɗaya da ke sa Shafa'atu ta zare sakata maimakon ta danna ta. Nusaiba, wadda ba ta gama iya magana ba, ta raɗa masa suna Bubu, tana jin sa take zubar da abin da ke hannunta ta yi zaure da gudu. Har maƙwabta sun ci arzikinsa. Inna Hauwa ta gidan da ke jikin nasu takan ɗaga murya ta kan katanga ta ce wa surukarta, "Ke, ci gaba da tuƙinki, na Shafa'atu ne."

Kowace Alhamis yana kawo maigidan, ya mayar da shi Asabar da safe. Tafiyar da a mota sai an sauka a Gusau an jira wata ta cika, shi yana yanke ta tun rana na da sauran ƙarfi. A akwatinsa na dama akwai rake ko lemo na Nusaiba, a na hagu akwai wankin mako. Da damina ta bara, lokacin da zazzaɓi ya sa yarinyar ta sanƙare idonta ya juye, shi ya ɗauki mutum uku zuwa asibiti a Gusau. Shafa'atu ta ɗaure 'yarta da zane biyu a tsakaninsu, ta kifa fuskarta a bayan mijinta, ba ta ga hanya ba ko kaɗan, muryar Bajimi kawai take ji a ƙirjinta, ba ta rawa, ba ta tari. Daga ranar ta daina kiransa "wanga abu". Ita ta ɗinka masa mayafi da tsofaffin buhuna, ita ke kore kaji daga kan sirdinsa.

Ga tambayar da ba a yi ba a rumfar Dogo: ashe marigayin yana shan ruwa. Baburan da muka sani iska ke sanyaya su, shi kuwa yana da lagireto kamar mota, a ɓoye bayan ƙirjinsa. Wata 'yar jar fitila ta fara kamawa a gaban mai tuƙi. Aka kai shi wurin Mannir, bakaniken bakin tasha, mutumin kirki wanda ya yi wa baburan garin nan hidima tun yana saurayi. Mannir ya duba, ya ce, "Malam, Turawa hwa akwai son ado." Ya manna mata baƙin salatif don kada ta riƙa ɗauke wa mai tuƙi hankali. Bayan wani lokaci, da zafin ya fara dukan ƙafar Malam Lukuman, Mannir ya kwance robobin gaba ya tarar da tankin ruwa a bushe. Kowa ya ji kunya, an bar baƙo da ƙishirwa. Nan take aka yi masa abin da ake yi wa baƙo, aka ba shi ruwan gida. Ruwan rijiyar tsakar gida, mai zartsi, wanda ke barin farin ɓawo a gindin tukunya. Ya sha. Ya yi ta sha har rani ya zagayo, ɓawon yana taruwa a hanjinsa, fitilar tana ta kira a ƙarƙashin salatif.

A ranar ƙarshe, ya baro Bunguɗu lafiya, ya ratsa Gusau lafiya. Da ya iso Kwatarkwashi sai ya yi wani irin nishi da ba a taɓa ji daga gare shi ba, ƙwas, ƙwas, ƙwas, farin tururi ya turnuƙe, ya gangara gefen titi da kansa kamar mai neman wurin zama. Bai yar da maigidansa ba. Wannan ma a rubuta masa. Akori-kura ce ta kawo gawar. Wani bakanike na Kaduna da aka nuna wa hoton injin ta waya ya ce kan ya tsage, kuma irin kayansa sai dai a yi sa'a wani ɗan'uwansa ya mutu a Legas.

Ya rasu ya bar maigida ɗaya, wanda har yanzu makullin na cikin aljihunsa. Ya bar hular kwano a rataye a ƙusa, da mayafin buhu, da akwatuna biyu da Shafa'atu ta riga ta wanke ta zuba wake a ciki, tunda suna rufuwa ƙam, ƙwari ba sa shiga. Ya bar Mannir, wanda ke sauya hanya idan ya hango ta, alhali ba ta riƙe shi da komai ba. Ya bar ƙofar zaure mai faɗin da ya fi ƙarfin masu shiga ta. Ya bar yarinya ɗaya da ke zama a dokin ƙofar da yamma.

Tun rasuwar, zuwan maigidan ya ja baya. Ba ya shiga mota in La'asar ta wuce, Shafa'atu ma ba ta yarda ya shiga, kuma awo ba ya tashi da wuri. Zuwansa na farko, daga tasha ya hau kabu-kabu. Shafa'atu ta ji babur ya shigo layi daga inda ba ta tsammani, ya tsaya daidai ƙofarta. Ta yi abin da ta saba. Mutumin ya daɗe a waje yana sallama, yana buga ƙofar gidansa, matarsa na ƙuryar ɗaki ta toshe wa 'yarsa baki da tafin hannu. Da ta gane muryar ta buɗe, ya dube ta, ta dube shi, ba wanda ya yi dariya. Nusaiba ta leƙa ta bayan ƙafafunsa ta ce, "Baba, ina Bubu?"

Game da jana'iza: Shafa'atu ta tambaya an ce mata ƙarfe ba a yi masa salla, kuma ta yarda. Za a fitar da gawar ranar Asabar bayan sallar Azahar, ta ƙofar da aka fasa dominta, zuwa wurin 'yan gwangwan da ke hanyar Funtua. Ba za a dafa komai ba, amma akwai ruwan sha, na leda.

Ana sanar da masu ɗaukar gawar cewa za su tarar babu oda a jikinta. Kada su zargi kowa. Shafa'atu ce ta sa Mannir ya cire ta, ya haɗa ta da ƙaramin batir da maɓalli, ta ɗinka mata jaka da ragowar atamfa, ta ba Bashar direba ya kai Bunguɗu. Maigidan ya kira yana cewa, "Haba Maman Nusaiba, da girmana in riƙa yawo da oda a jaka kamar mai tallan askirim?" Ta ce e, kuma tun daga bakin layi zai danna, sau biyu, kafin mai kabu-kabu ya karyo kwana. Sai layin wayar ya yanke, irin yadda yake yi. Bai faɗi ranar zuwansa ba.

Za a karɓi gaisuwa a zaure, daga safe zuwa La'asar. Roƙo ɗaya iyalan ke yi: duk mai zuwa a kan babur, don Allah ya kashe shi tun daga kan kwalta, ya turo shi da hannu. A bar layin shiru. Akwai uwa da 'ya a gidan ƙarshe, suna sauraro.